Ƙafafun Baba

Laraba, Bronx, birnin New York.

Da asuba na tarar da ɗigon jini a ƙasan kicin. Na bi shi har ɗakin surukina, na same shi zaune yana shan shayi hankali kwance. Ashe 'yar ƙusa ce ta shige masa tafin ƙafa tun dare, bai ji ba. Tunda na shigo gidan nan kunya ba ta bar ni na kai hannu jikinsa ba, amma yau na durƙusa na zare ta, na wanke wurin, hannuna na rawa.

Baba ya yi yaƙin Biyetnam, inda aka yi ta feshin gubar kashe daji da ake kira Agent Orange. Tun 2001 Amurka ta yarda cewa sojan da ya yi aiki can, in ciwon suga nau'i na 2 ya kama shi, gubar ce sanadi. A lissafin naƙasa da ake biyan tsofaffin sojoji diyya da shi, kashi 20 cikin ɗari aka ba shi a kan sugan, domin yana allurar insulin da kiyaye abinci. Kafin a kai 40 sai likita ya rubuta cewa ya hana shi aikin ƙarfi.

Lissafin ƙafafun, da sugan ya kashe wa jijiya, shi ne ya tsaya mini a rai. Kowace ƙafa lissafinta daban: 10 in mutuwar jijiyar kaɗan ce, 20 in matsakaiciya ce. Goma-goma aka ba shi. Maigida ya ce ranar gwaji da aka tambayi Baba, cewa ya yi da sauƙi. Haka yake, ko yana cikin wuta ba zai ce wayyo ba. Abin da ya faɗa aka rubuta.

Shekara guda muke da ita ta neman a sake duba lissafin, daga ranar takardar hukuncin. Tun 2019 hanya uku ce: babban jami'i ya sake duba fayil, ko a kawo sabuwar hujja, ko a je gaban alƙali. Ta biyu muka zaɓa. Na nemi ranar gwajin jijiya, na ɗauki hoton raunin, kuma ana karɓar shaidar mutanen gida a rubuce.

Bayan magariba na zauna da littafi. "Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya, yaya dare yake maka?"

Ya daɗe yana kallon bandejin. "Kamar ina taka garwashi, 'yata. Ko bargo ba na so ya taɓa su. Rubuta."