Ingilishin aji da na koya wa abokan aikina a Tawa

Makarantar da nake aiki a garin Tawa, a Jamhuriyar Nijar, ta kuɗi ce, kuma allon bakin ƙofarta ya ce da harshe biyu ake karatu a ciki, Faransanci da Ingilishi. Amma Ingilishin a bakina kawai yake. Ni ne baƙon da aka ɗauko daga Sakkwato, na tsallako ta Illela da Birnin Ƙonni, aka damƙa mini darasin. In na fita daga aji, harshen ya bi ni ya fita, yara ba za su sake jin sa ba sai ranar da jadawali ya dawo da ni.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da gwamnatin Nijar ta fitar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Daga nan duk uban da ya zo biyan kuɗin makaranta sai ya so ya ji me ɗansa ya iya faɗa. Darakta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ba cewa na yi ka mai da malamaina Turawa ba. A dai riƙa jin abin a kowane aji, ko da zauna da tashi ne."

Malaman nan ba sabbin shiga ba ne. A Nijar ana fara Ingilishi daga ajin farko na kwaleji, wato ƙaramar sakandare, a yi shekara 4 kafin jarrabawar kammala ta, BEPC, wanda ya wuce gaba ya ƙara 3 kafin Bac, jarrabawar kammala babbar sakandare. Mushen (haka ake kiran malami namiji a nan) da ke riƙe da manyan 'yan firamare ya taɓa zayyano mini jerin fi'ilan nan masu canza kama tun daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ba. Ka ce ya umarci yaro ya rufe ƙofa, sai ya tsaya yana kallon silin. Iliminsu yana nan kamar gero a rumbu, damma-damma, ba a sussuka ba. Don haka nahawu ko taɓa shi ban yi ba.

Kafin mu fara zama, na roƙi kowa ya bar ni in zauna a bayan ajinsa da ɗan littafina. Abin da nake rubutawa shi ne maganar da malami ke maimaitawa ba tare da ya sani ba. Ba ta da yawa: ku shigo, ku zauna, ku fito da kaye (littafin rubutu), wa ya gama, zo allo, goge allo, a yi layi. Akwai kuma wadda babu ita a littattafan da na zo da su daga gida. A nan ƙananan yara kowa da ɗan allonsa na hannu. Madam ta ba da lissafi da baki, ta buga tebur su rubuta, ta sake bugawa su ɗaga allunan sama gaba ɗaya ta bi da ido. A darasi guda sai ta yi haka ba adadi. To "Show me your slates" ita ce jimlar da ta fara kama ƙasa a makarantar, don a wuni ɗaya madam ta faɗe ta fiye da yadda zan sa ta maimaita a wata guda.

Muna haɗuwa bayan la'asar a gindin dogon yaron da ke tsakar makaranta, mai gadi ya ɗora shayi. Na bi hanyar da wani masani ɗan Amurka, James Asher, ya fito da ita a shekarun 1960: a ba da umarni, mai koyo ya aikata da jikinsa kafin a nemi ya furta. Da yara abin wasa ne. Da manya kuwa akwai girma a tsakani. Yaya zan dubi Darakta, mai furfura, a gaban ma'aikatansa in ce masa tashi, zauna, tashi? Sai na juya abin. Na raɗa masa jimlar, shi ya ba da umarnin, ni na fara miƙewa. Da aka ga baƙon malami yana tashi yana zama yana ruga wa allo, dariya ta ɓarke, kunya ta ragu. Daga baya Darakta da kansa ya koma kan benci ya ce, "Madam, bismillah, yau ke ce mai aji."

Na kuma ƙi rubuta musu komai a makonnin farko, abin da ya ɓata wa wasu rai, don malami bai yarda ya koyi abu ba sai ya gan shi a kaye. Dalilina shi ne idon da ya saba da Faransanci, da ya ga baƙaƙe sai ya karanta su da dokar Faransanci. Harafin h a farkon kalma ya ɓace, s na jam'i a ƙarshe ya yi shiru, nauyin murya ya koma gaɓar ƙarshe. Mutumin da ke cewa hannu da hula da hatsi tun yana goye, sai ga shi ya kasa fitar da h a "Hands up", don kawai ya gan ta a takarda. Nakan ce musu, ku faɗe ta da bakin da kuke magana da shi a gida. Nan take take fitowa.

Shaidata a kan wannan Baba mai gadi ne. Shi makarantar allo kawai ya yi, sai kuma ci-rani da ya yi a Najeriya yana saurayi, kamar mazan Adar da yawa, wato yankin da Tawa take. Ba a ma sa shi cikin tsarin ba, shayi ya kawo shi. Yana fifita gawayi yana bin mu a hankali, har wata rana mushe ya kakare a wata jimla sai muka ji ta fito daga bakin Baba sumul. Da kunne yake ɗauka, ba takardar da za ta ruɗe shi. Bayan haka ya samo bayan kwalin sukari ya rubuta nasa da ajami, yadda ya ji su, ya soke a jikin ƙofa. Yanzu yaron da ya makara, tun daga bakin titi zai ji "Hurry up, you are late!" Na ce wa Darakta a shigo da mai shara da matar da ke sayar wa yara abinci, don su ma da yaran suke wuni.

Bakin Hausa ma da nasa halin, p da f sukan cakuɗe, mukan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Ban tsaya faɗa da wannan ba, ni ma ba daga Landan na zo ba. Inda na kafe shi ne wurin da ma'ana za ta lalace, musamman ƙidaya. A nan maki bisa 20 ake ba da shi, ba bisa 100 kamar a gida ba, kuma 13 da 30 a Ingilishi kusan sautinsu ɗaya in ba a sa nauyin murya a inda ya dace ba. Malamin da ya sanar da yaro ya ci 30 bisa 20, ya gama da ajin nan ranar. Mun daɗe a kan 13 zuwa 19, muna tafa hannu a gaɓar da ke ɗauke da nauyi.

Da na ba su dama su faɗi jimlolin da suke so, kusan duka na tsawa ne: yi shiru, fita waje, durƙusa. Ban hana ba, amma na sa sharaɗi, duk wanda ya karɓi ta tsawa ɗaya sai ya haɗa da ta yabo ɗaya. In Ingilishin da yaro ke ji daga bakin malaminsa na faɗa ne kawai, ni zai tsana ranar da na shigo da darasin.

Abin da ya fi riƙe su ashe tsoro ne na daban. Wata madam ta tare ni a gefe ta ce, "Malam, faɗar ba ta dame ni ba. In yaron ya mayar mini da wata magana ban gane ba fa?" Tana da gaskiya, akwai 'ya'yan 'yan kasuwa da ke zuwa hutu Kano ko Legas, bakinsu ya fi nata gudu. Sai muka tanadi mafita: "Say it again, please", da "Let us ask Malam". Muka kuma yi alkawari ba mai gyara wa wani a gaban yara, ni ma in na ji kuskure ta taga sai in wuce abina, mu haɗu a gindin bishiya.

Da zafin Afrilu ya kankama zaman la'asar ya watse. Abin da ya riƙe aikin shi ne saƙon murya a WhatsApp: daren Lahadi in tura jimlolin mako, kowacce in faɗe ta a hankali, in faɗi lokacin amfani da ita da Hausa. Wasu sukan maido mini da nasu a ɓoye in saurara.

Ba kowa ya ɗauka ba. Akwai dattawa da har yau ba su furta ko ɗaya a aji ba, mushen manyan yara kuma da ransa ya ɓaci Faransanci yake komawa. Duk da haka Darakta ya ji daɗi har ya fara zancen shekara mai zuwa a koyar da lissafi gaba ɗaya da Ingilishi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wanda ya iya cewa a buɗe shafi na 13 bai iya bayyana rabawa ba tukuna. Wannan sai an ɗauko malamin da ya karanci lissafin da harshen, ko a tura naka horo na gaske." Ya tambaye ni nawa irin wannan malamin zai ci a wata. Da na faɗa masa, sai ya ce a ci gaba da na gindin bishiya tukuna.