Yadda nake ba yara labarin Gilbert da Sullivan da rigimar kafet

Idan zan ba yara 'yan shekara 9 zuwa 12 labarin W. S. Gilbert da Arthur Sullivan, aiki nake fara ba su kafin tarihi. Ina raba su bibbiyu: ɗaya ya rubuta layi huɗu na barkwanci, ɗayan ya sa musu karin waƙa ba tare da ya taɓa ko kalma ɗaya ba. Minti goma sun isa. Kafin lokacin ya cika gardama ta kaure, mai kari na cewa layin ya yi tsawo numfashi ba ya kai shi, marubuci na cewa kada a rage masa komai. Sai in gaya musu haka mutanen nan biyu suka yi aiki a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya. Gilbert ke rubuta labari da baitoci, Sullivan ke tsara kiɗa, kuma sun fitar da wasannin kwaikwayo na waƙa da barkwanci har 14 tsakanin 1871 da 1896.

Dole mutum na uku ya shigo da wuri, wato Richard D'Oyly Carte mai riƙe da kuɗi. Shi ya haɗa su aikin Trial by Jury a 1875, shi ya gina gidan wasa na Savoy a 1881. In aka bar shi sai ƙarshe, yara ba sa gane rigimar kuɗin.

Saɓanin 1884 ya fi sauƙin bayani. Gilbert ya kawo labarin wata alewar tsafi mai rikiɗa mutane, Sullivan ya ce atafau ba zai sa masa kiɗa ba. Labarin da ya yi kama da rayuwa yake so, kuma ya gaji da danne kiɗansa don kalmomin Gilbert su fito. A nan kusan duk yara bayan Gilbert suke bi, don suna son tsafi a labari. Maganin haka shi ne a tambayi waɗanda suka sa kari ɗazu yadda suka ji da aka hana su canza kalma. Su ke kare Sullivan, kuma sun fi ni iyawa. Gilbert ya ajiye alewarsa ya rubuta The Mikado, aka fara nuna shi a 1885, aka yi shi sau 672 a jere.

Rigimar 1890 kuwa da wake nake koyar da ita. Ƙwaya 30 a tebur, yara uku. Yarjejeniyar Gilbert da Sullivan da Carte ita ce a cire kuɗin da aka kashe wa wasa, a raba ribar gida uku. Kafin rabo, mai wakiltar Carte ya ɗebe ƙwaya shida ya ce na sabon kafet ne na zauren shiga. Tambayar kenan: kafet ɗin zaure kayan wasa ne ko kayan mai gida? Gilbert ya ce fam 500 aka sa kuɗinsa a lissafin wasan The Gondoliers. Gilbert ya maka Carte a kotu, Sullivan ya goyi bayan Carte, wanda a lokacin yake gina sabon gidan wasa inda aka nuna Ivanhoe na Sullivan a 1891. Ƙin tsaya masa da abokin aikinsa ya yi ya ƙona wa Gilbert rai ƙwarai.

Abin da ya fi lalata darasin shi ne neman mugu, don yara sun saba da labari mai azzalumi. Ba na ba su, domin kowanne yana da hujjarsa. Ina sa su musanya matsayi su sake muhawarar, mai kare Gilbert ya koma Sullivan.

Kullum sai yara sun tambaya ko Gilbert da Sullivan sun shirya. Tom Chappell, mai wallafa waƙoƙinsu, ya sasanta su a 1891, suka ƙara wasa biyu a 1893 da 1896, amma ba su samu karɓuwar na baya ba. Daga nan sai in kunna musu minti biyu na waƙar Manjo-Janar mai saurin gaske daga The Pirates of Penzance na 1879, su ɗaga hannu duk inda suka ji mawaƙin ya ja numfashi.