Ni ba na dafa wiski, ganga nake zaɓa

Idan mutum ya ji cewa kamfanin wiski gare ni a Sikotlan, sai ya zaci matatar barasa ce da ni mai dogon bututun hayaƙi da manyan tukwanen jan ƙarfe. Ko kusa. Ɗan ofis gare ni a Aberdeen, sai gangunan katako da ke kwance a siton haya a yankin Speyside, sai kuma hancina. Matatu ne ke dafa barasar. Ni nawa in saya a ganga, in bar ta ta yi shekaru a kwance, ranar da na ji ta nuna in ɗura ta a kwalba, sunan kamfanina a sama, sunan matatar a ƙasa. Na san da yawa cikin masu karatu ba sa kusantar giya, ina kuma girmama hakan. Ni ɗan Filato ne, a gidan Kirista na tashi, aikin mai ne ya kawo ni Aberdeen kafin wannan sana'a ta ɗauke ni.

Sana'ar ta daɗe. A nan Aberdeen kamfanin Cadenhead's ya fara a 1842 kafin ya koma Campbeltown, Gordon & MacPhail kuwa tun 1895 suke Elgin. A zamanin da kusan duk abin da matatu ke fitarwa gauraya shi ake yi a sayar, irin waɗannan 'yan kasuwa ne ke ware ganga guda su ɗura ta ita kaɗai. Da aka rufe matatun Port Ellen da Brora a 1983, mutane da yawa a kwalaben masu zaman kansu suka fara sanin ɗanɗanon wiskinsu.

Doka ba ta da sassauci a nan, ni kuwa hakan ya yi mini. Kafin ka rubuta single malt a jikin kwalba, sai barasar ta fito daga matata ɗaya, daga tsiron sha'ir zalla, an dafa ta a tukunya bi da bi. Sai ta yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin Sikotlan, ƙarfinta kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Tun 2012 ma ɗura ta a kwalba sai a cikin ƙasar.

Abin da doka ba za ta iya yi maka ba shi ne zaɓen ganga, nan kuwa sana'ar take. Barasa idan ta fito daga tukunya fara ce tas, yawanci a kashi 63.5 ake zuba ta a ganga. Launinta na gaskiya da babban rabo na ƙamshinta, katako ne ke bayarwa. Dokar Amurka ta tilasta wa masu bourbon, wato wani nau'in wiskin Amurka, amfani da sabuwar ganga da aka babbake cikinta, shi ya sa tsofaffin gangunansu masu kimanin lita 200 ke kwararowa nan. Wasu a haka ake cika su, wasu kuma masu gyaran ganga su wargaza su, su ƙara katako, su mayar da su na lita 250. Irin wannan ganga ƙamshin banila da kwakwa da zuma take sa wa barasa. Manyan gangunan sheri, wato giyar inabi ta Jerez a Sifaniya, masu lita 500, nasu daban: busasshen inabi, dabino, kanumfari, da launi mai duhu. Sai ka duba sau nawa aka cika ta a baya. Cikon farko ƙarfi gare shi, yana iya danne barasa mai sanyin hali cikin 'yan shekaru. Ciko na biyu a hankali yake aiki, ya bar halin matatar ya fito, ni shi na fi so idan zan daɗe ina jira. Akwai kuma gangar da ta gaji, ba abin da ya rage a jikinta, ko shekara 20 barasa ta yi a ciki za ta fito ɗanya. Irin wannan ce dillalai suka fi son kawo mini, da takarda mai kyau da dogon bayani.

Wani dattijo mai kula da sito ne ya koya mini aikin. Ranar Asabar nake zuwa, lokacin ina aikin mai, in taya shi mirgina ganguna. Tsohon sito ne na dutse, daɓensa ƙasa, ganguna hawa uku a kan katako, sanyi da laima ko da bazara. Ba mai yawan magana ba ne. Zai bugi ganga da guduma a gefen marfi, dama da hagu, har marfin ya yi tsalle da kansa, ya zura dogon bututun jan ƙarfe ya ɗebo kaɗan, ya miƙo mini kofi ya yi shiru. In na kai baki sai ya riƙe hannuna ya ce, “Yaro, hanci tukuna.” Shi ya nuna mini a ɗiga a tafin hannu, a murza har barasar ta tashi, sannan a shinshina abin da ya rage. Ya nuna mini a tsinka ta da ruwa har ƙarfinta ya sauko wajen kashi 20, don a nan duk aibin da zafi ke ɓoyewa yake fitowa fili. Kofin kuma a bar shi ya kwana ba a wanke ba, da safe a sake shinshinawa. Ganga babu kome a ciki ma sai ya sa ni na kafa hanci a bakinta: in akwai tsami, ko fumfuna, ko warin ashana da aka kyasta, wanda ke nuna an ƙona farar wuta a ciki, to a mayar wa mai ita.

Ranar da ya kai ni inda ake tsirar da sha'ir a daɓe, ƙamshin bai zame mini baƙo ba. Kakata burukutu take dafawa a ƙauye. Takan jiƙa dawa, ta baza, ta rufe har ta tsiro, sannan ta shanya, warin ɗakin kuwa shi ne wannan sak. Na gaya wa dattijon, ya yi dariya ya ce ashe a gida na fara makaranta.

Kowace shekara wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin ganga yana bin iska ta jikin katako, masu sana'ar suna ce masa rabon mala'iku. A sito mai laima ƙarfin barasar ma raguwa yake yi, tsohuwar ganga in aka yi sakaci ta faɗi ƙasa da 40, ta tashi daga wiski a idon doka. Ganga mai lita 250 bayan shekara 12 ba ta cika ba ni kwalba 300 ba in ban tsinka ta da ruwa ba. In sun ƙare sun ƙare, ko 'yar uwarta da aka cika rana ɗaya aka ajiye kusa da ita ba za ta ba da irin ɗanɗanonta ba.

Ban taɓa sa launi ba, ko da yake doka ta yarda a ɗiga na karamel, wato ƙonannen sukari. Ba na kuma sanyaya wiski in tace shi don ya yi garau, domin maiƙon da ake cirewa shi ne ke sa ya cika baki. Ko dai in ɗura da ƙarfin ganga yadda ya fito, ko in sauke shi da ruwa zuwa kashi 46. Duk da haka ba a rasa mai saye da zai ɗaga kwalba ya kalli haske ya ce wannan ai fara ce, a rage masa kuɗi. Wani kuma lambar shekaru kawai yake dubawa, 25 ta fi 10, an gama magana. Nakan zuba masa biyun a kofuna masu duhu in ce ya zaɓa. Ba kullum tsohuwar ke cin nasara ba.

Masu ciniki da sauƙi, dillalai ne ciwon kaina. 'Yan shekarun nan an mayar da ganga abin zuba jari. Ana sayar wa mutanen da ba su taɓa taka sito ba, ganga ta ratsa hannu biyar ba wanda ya buɗe marfinta, kowa ya ɗora ribarsa. Wani ya taɓa aiko mini samfuri mai daɗin gaske, na ce sai na je na ɗebo da hannuna a kuma sake auna abin da ke ciki. Daga ranar ya daina ɗaukar waya. Wasu matatun kuma, don kada a yi amfani da sunansu, sukan ɗiga 'yar barasar wata matata a ganga kafin su sayar, shi ke nan ta daina zama single malt. Haƙƙinsu ne, ban ja ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne dillalin da ya san an yi haka ya rufe baki, da sababbin kamfanonin da ke sayen gajiyayyar ganga, su juye ta a gangar sheri na 'yan watanni ta yi duhu, su manna takarda mai ruwan zinariya. Juyewa zuwa wata ganga ba laifi ba ne idan barasar da kyanta tun asali, ni ma ina yi, amma ina rubutawa a jikin kwalba da tsawon lokacin da ta yi.

Bana ganga biyu zan fitar. Ɗaya ta Speyside ce mai shekara 12, ciko na biyu a gangar bourbon, ƙamshinta tuffa da zuma da ɗan citta a ƙarshe. Ɗayar daga tsibirin Islay take, hayaƙin baƙar ƙasar fadama da suke busar da sha'ir da ita ya kama ta sosai, ba ta ɗan koyo ba ce. Akwai ta uku, gangar sheri, da wasu suka dame ni da tambaya a kanta. Na ɗebo ta watan jiya, katakon da barasar ba su gama shiryawa ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Wanda ke kusa da Aberdeen kuma shekarunsa sun kai 18 yana iya zuwa ya shinshina kafin ya saya, kwalba biyu ce iyakar mutum ɗaya.