Abin da kundina kan tawayen Farrapos ya koya mini

Makon jiya na miƙa kwafin ƙarshe na kundin digirina na biyu, na yi sallama da sashen tarihi. Shekara huɗu na yi a kan aikin da aka ce na shekara biyu ne, kuma guda daga cikinsu kalma ɗaya ce ta cinye mini ita.

Kalmar ita ce Farrapos, wato masu tsumma. Da wannan suna aka san mutanen lardin Rio Grande do Sul, can kudancin Brazil, waɗanda suka kama birnin Porto Alegre ranar 20 ga Satumba 1835, suka ayyana jamhuriyarsu a 1836, suka yi shekara goma suna yaƙi da daular Brazil, wadda a farkon yaƙin sarkinta, Pedro na Biyu, yake yaro ƙarami a hannun masu riƙon ƙwarya. Ni abin da ya fara kai ni Brazil shi ne boren bayi Musulmi a Salvador cikin azumin Janairun 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, da Hausawa tare da su. Zuciyata na cike da su na isa kudu. Da na ga shekara ɗaya ce, na ga kuma sunan masu tsumma, sai na yanke cewa duk tafiyar guda ce, talaka ne ya gaji. Babi sukutum na gina a kan haka.

Mai duba aikina ya riƙe babin wata biyar. Duk zuwan da na yi ofishinsa, amsar ɗaya ce: "Malam, ka dawo wani mako." Ƙarshe ya sa hannu, babu ɗigon jan biro ko ɗaya.

Ranar gabatarwa, wata malama da ba ta cika magana ba ta yi mini tambaya guda. Ta ce, Bento Gonçalves, jagoran tawayen, mece ce sana'arsa? Na yi shiru. Soja ne mai garken shanu da filaye, kuma mai bayi. Ita ta warware sauran a gaban kowa. Asalin rigimar haraji ne a kan charque, busasshen nama mai gishiri da ake ciyar da bayi da shi a gonakin arewa. Masu shanun kudu suna ganin gwamnatin Rio de Janeiro ta danne su, ta bar naman Uruguay da Ajantina yana shigowa da araha. Sunan tsumma kuwa baƙar magana ce ta 'yan adawa, ba hoton rigarsu ba.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Farfesa, mai duba aikin nawa, ya gyara zama ya ce ai ya sha gargaɗina ban ji ba. Wallahi bai taɓa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode," na zauna, kunnuwana suna zafi.

Da na koma na sake karatu daga tushe, sai na ci karo da abin da ya kamata ya zama zuciyar kundin tun farko. Farrapos sun sa bayi a rundunarsu da alƙawarin 'yanci, su ne baƙaƙen mayaƙa masu mashi. Da asubar 14 ga Nuwamba 1844 sojojin daula suka afka wa sansanin David Canabarro, kwamandan Farrapos, a Porongos, kuma baƙaƙen mayaƙan nan aka fi kashewa. Har yau masana na jayayya kan ko da haɗin baki aka yi, don a rage matsalar 'yancinsu da ke hana sulhu. Bayan wata uku da rabi aka sasanta a Ponche Verde. Shugabanni suka sami afuwa, hafsoshi suka shiga rundunar sarki da muƙamansu, naman waje na ɗauke da harajin kashi 25 cikin ɗari. Bauta ta ci gaba a Brazil har 1888.

Sai da na ajiye wannan kusa da tawayen Cabanagem a lardin Pará, inda matalauta da 'yan asalin ƙasa suka riƙe birnin Belém kuma aka ƙiyasta mutum dubu 30 zuwa 40 sun mutu, da tawayen Balaiada a lardin Maranhão, sannan na gane. Hafsan da ya murƙushe Balaiada, wanda aka fi sani da Caxias, shi ne ya zauna da masu shanu aka yi sulhu.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ka koyi harshen Fotugis kafin ka taɓa tarihin Brazil. Ka rubuta ranar da ka miƙa kowane babi, ka riƙe shaida. Kada ka ɗauki sa hannu a matsayin karatu.

Malamar nan ta karanta sabon babin Porongos sau biyu, alhali ba aikinta ba ne, ta dawo mini da shi cike da jan biro. Sunanta na fara sawa a shafin godiya. Na Farfesa yana bangon kundi, inda doka ta ce a sa.