Asabar a unguwar Reluwe

Yau na kai wa Baffa maganinsa a unguwar Reluwe, nan cikin garin Bauchi. Daga gidanmu da ke sabbin filayen hanyar Jos sai da na taka sosai cikin rana kafin in fito bakin titi, na hau Keke Napep zuwa Wunti, na sake hawa wani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai na lissafa kuɗin mota kafin in saka takalmi.

Bayan azahar Baffa ya ce in raka shi mu miƙe ƙafa. Muka bi ta wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Layin dogon nan daga Kuru ya taso, ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Baffa ya nuna min inda masu abinci suke zama a da, da wajen 'yan dako, da gidajen ma'aikata. Ya ce, "Ɗan nan, a zamaninmu ƙafarka ce motarka." Na ce, "Baffa, ai har yanzu kun fi mu." Jirgin ya daɗe da daina zuwa, amma a 'yar tafiyar nan tamu mun wuce masallaci, kemis, mai niƙa, tela da makarantar allo. Mutum mai shekarunsa yana biyan buƙatarsa ba tare da ya roƙi kowa ya ɗauke shi ba. Wannan ya tsaya min a rai.

Masu tsara birane suna da ma'auni: a tara gidaje, shaguna, makaranta da asibiti cikin mita 400 zuwa 800 daga tasha, wato tafiyar minti 5 zuwa 10. A birnin Curitiba na ƙasar Brazil, tun 1974 suka ware wa manyan motocin bas hanyarsu daban, suka bari a gina benaye a gefen hanyar, gidaje na raguwa da tsawo in an yi nisa da ita. Jama'a sun taru kusa da tasha, motar ta samu fasinja, mai shago ya samu ciniki.

Mu kuwa a unguwarmu an yanka fili an sayar, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Ko gishiri ya ƙare sai an aiki yaro da nisa. Ba sai mun jira jirgi ba, tashar mota ma ta isa a gina unguwa a kewayenta: shago a ƙasa, ɗakunan haya a sama, kwata a rufe, hanyar masu tafiya a ƙasa da inuwar dogon yaro, don ba wanda zai taka a zafin watan Afrilu in babu inuwa. Abin da ke damuna shi ne haya. Da zarar wuri ya gyaru sai kuɗinsa ya tashi, a kori talakan da ya fi kowa buƙatar zama kusa da tasha. Dole tun farko a ware masa wuri.

Gobe bayan la'asar akwai taron unguwa a ƙofar gidan mai unguwa. Zan roƙi a nemi a bar mana filin nan na bakin titi da ba a gina ba, a yi rumfar jiran mota da 'yan shaguna, kafin wani ya zuba bulo a kai.