Gyaran wurin tarihi na bakin kogi: a fara da ruwa, a ƙare da fenti

Kuskuren da aka fi yi a irin wannan aiki shi ne farawa da abin da ido ke gani: fenti, kujeru, fitilu. Damina ɗaya ta isa ta kwashe su. Kafin a taɓa komai, sai a nemi iyakar da ambaliya ke kaiwa. Tsofaffin masunta da masu kwale-kwale sun san ta, haka ma tabon laka a jikin bishiyoyi yana nuna ta. A Kogin Kaduna ruwa yakan cika a Agusta da Satumba, don haka awon da aka yi da rani yaudara ce.

Gaɓar kogi daga gindi take mutuwa. Ruwa ya ƙwaƙule ƙasan, sama ta rufta. Shi ya sa katangar siminti da aka ɗora ba tushe mai zurfi take tsagewa ta kife. Abin da ya fi jurewa shi ne kwandon waya cike da duwatsu masu girman santimita 10 zuwa 20, a binne layin farko ƙasa da gindin gaɓa, a shimfiɗa ƙyalle mai tace ruwa a bayansa don kada ƙasa ta zurare ta ramukan. Daga sama a kwantar da gangaren, kowane mita 1 na tsayi ya sami mita 2 ko 3 na shimfiɗa, sannan a dasa jema a layi, tazarar santimita 10 zuwa 15, da farkon damina. In aka makara, ruwa zai tumɓuke ta tun saiwa ba ta kama ba. Kuma a killace, awaki ba su san tarihi ba.

Sai kayan tarihin kansu. Ɗauki gadar Lugard, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904, aka mayar da ita Kaduna daga baya, yanzu tana lambun Gamji, kuma tun 1956 tana cikin kayan tarihi na ƙasa. Irin wannan ba a taɓa shi sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi. A tsohon ƙarfe, tsatsa tana ɓuya a mahaɗa da ƙarƙashin katako, inda ruwa ke kwana. A kankare da burushin waya, a shafa fentin kariya a ranar, don ƙarfen da ya kwana tsirara a bakin ruwa ya koma gidan jiya. Kada a ƙona tsohon fenti, yana iya ɗauke da dalma. Ɓangaren da zai gyaru a gyara shi, ba a sauya ba. Katako kuwa a bar ƴar tazara tsakaninsu ruwa ya sauka, a yi musu maganin gara.

Allunan bayani a kafa su sama da iyakar ambaliya, da Hausa da Turanci, gajeru yadda ɗan firamare zai karanta a tsaye. Ban ɗaki ya yi nesa da ruwa da aƙalla mita 30. Kuɗin sharewa da duba kwandunan bayan kowace damina a sa shi cikin kasafi tun ranar farko, domin shi ne ake fara yankewa.