Godiya Bayan Jinyar Inna, Daga Mai Wurno Har Marawi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na nan gida Mai Wurno, da na Gadarif da Kasala, da namu da ke Makka da Jidda.

Jiya sakamakon hoton Inna ya fito. Likita ta duba, ta sake dubawa, ta ce ba ta ga alamar ciwon ya dawo ba. Alhamdulillahi. Tun daren jiya waya ba ta huta ba, kuma ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko da yake na san baki ba zai biya ba.

Ga wanda bai ji farkon labarin ba, a tsakiyar 2023 aka gano ciwon daji a nonon Inna na hagu. Ta daɗe tana jin ƙullutun tana ɓoyewa saboda kunya, sai da ƙanwata ta lura. Iyayenmu mata, don Allah a daina wannan ɓoyon. A lokacin yaƙi ya riga ya ɓarke a Khartum tun 15 ga Afrilu, Asibitin Zarra kuwa, wanda tun 1967 shi ne madogarar masu wannan ciwo a ƙasar nan ta Sudan, ba ya shiguwa. Kowa sai ya kwararo Wad Madani, cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira. Can aka yi wa Inna hoton nono, aka ciri ɗan nama aka gwada, aka yi tiyata, ta sha kimawi, wato maganin ciwon daji mai ƙarfi, har gashin kanta ya zube. Ma'aikatan wurin suna ɗauke da nasu marasa lafiyan, ga na Khartum a kai, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga mata murya ba. Daga baya yaƙi ya warwatsa su, ban san inda kowa yake ba. Allah ya kai musu wannan godiya.

Saura gashi da haske, wato ƙona ragowar ciwon da hasken inji, ke nan Madani ta faɗi a yaƙin a watan Disamba. Muka fito da abin da ke jikinmu, fayil ɗin Inna ya tsaya a ɗakin da muke haya. Nan ne zan gode wa ƙanwata. Tun ranar farko duk takardar da aka miƙo mana sai ta ɗauke ta a waya. Waɗannan hotunan ne daga baya suka gaya wa likitoci irin ciwon, da yawan kaluluwar hamata da ya taɓa, da maganin da ta riga ta sha. Faifan hoton CT, wato hoton cikin jiki, kuwa Inna ce da kanta ta ƙulle shi a gefen zani, yadda take ƙulle kuɗin goro.

Aka ce a Marawi, can arewacin ƙasar, injin gashi yana aiki. Daga Mai Wurno muka bi ta Dindir zuwa Gadarif, Kasala, Haya, Atbara, sannan muka ratsa hamada. A kowane zango Hausawa ne suka sauke mu. A Kasala wata baiwar Allah da ba mu taɓa gani ba ta bar wa Inna gadonta ta kwana a tabarma. Kawunnanmu na Makka da 'yan ƙungiyar samarinmu na Jidda suna ta turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, har layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024 komai ya tsaya cik. A ranakun nan wani ɗan kasuwar riɗi a Gadarif ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, babu takarda babu shaida, ya ce in biya idan Hajiya ta warke. Alhaji, Hajiya ta warke, ina nan tafe.

A Marawi layi ne na mutanen ƙasa guda. Da lokacinmu ya zo aka fara da hoton tsara gashi. Aka kwantar da Inna hannuwa sama da kai, aka ɗiga mata 'yan ɗigo a fata don kullum a saita ta daidai wuri ɗaya. Wannan kwanciya ta fi kimawi yi mata nauyi. Ma'aikaciyar injin ta gane haka ba tare da an gaya mata ba. Kullum sai ta ja tob ɗin Inna, wato mayafinta, ta rufe duk inda haske ba ya buƙata, ta ce, "Ya Hajja, minti kaɗan ne." Akwai kuma wani da ban taɓa yi wa magana ba, masanin lissafin haske, wanda ke gwada injin da sassafe kafin a shigar da kowa. Ƙanwata ce ta ji cewa shi da likita ke zana yadda hasken zai kauce wa zuciya da huhu, tunda ciwon a hagu yake. Shi ma yana cikin addu'armu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Mun zo da lissafin mako 5, jalsa 25, wato shiga injin sau 25, don haka muka ji ana yi. Likita ta ce 15 za a yi, mako 3. Gabana ya faɗi, na ɗauka cunkoso ne ya sa ake rage mana. Ta zaunar da ni ta yi bayani. A Ingila an yi wani bincike mai suna START, mata sama da 4,000 masu ciwon nono suka yarda aka raba su, wasu aka yi musu tsohon tsari, wasu gajere, inda kowace jalsa ake ɗan ƙara ƙarfin haske amma jimillarsa ta ragu. An bi su shekara da shekaru, sakamako ya fito a 2008, na shekara 10 kuma a 2013: gajeren bai gaza wajen hana ciwon dawowa ba, bai kuma fi lalata fata ba. Ta ce a 2020 ma an nuna wasu jalsa 5 ta ishe su, amma na Inna ya taɓa hamata, 15 ta fi dacewa da ita.

Wanda bai biya haya a garin da 'yan gudun hijira suka cika ba, ba zai san darajar mako 2 ba. Mu kuɗin abincinmu ne. Ga wadda ke bayanmu a layi kuwa, gurbinta ne ya matso. Da na fassara wa Inna, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, su waɗannan matan sun san wanda zai amfana?" Na ce ba su sani ba. Ta ɗaga hannu ta yi musu fatan alheri. Ni ma ina gode musu, su da waɗanda suka yi haƙurin bin lafiyarsu shekara 10.

Ana saura jalsa 2 wata matashiyar likita ta zo da takarda. Tana tattara bayanan waɗanda yaƙi ya katse wa magani, don a san abin da jinkiri ke haifarwa. Ta ce ba za a sa suna ba, kuma ƙin yarda ba zai taɓa maganin Inna ba. Ban gama fassara ba Inna ta miƙa babban yatsa. Ta ce, "Gaya mata ta rubuta duka, har kwanakin da muka yi a hanya."

Yanzu saura ƙwayar da za ta riƙa sha kullum na shekaru, da hoto duk shekara. Ranar Juma'a bayan La'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gidanmu. Inna ta ce a sa wata 'yar Damazin a addu'a, wadda suke zama benci ɗaya suna jiran kira, Allah ya karɓi abinsa kafin ta gama nata gashin. Wanda ke kusa ya zo, na nesa ya yi mata Fatiha a inda yake.